Tara tsofaffin littattafan komik na jarumai

Tara tsofaffin littattafan komik na jarumai wata sha'awa ce, kuma harkar kasuwanci, da ta samo asali a ƙasar Amurka. Masu yin ta suna neman fitowar farko-farko ta mujallun da suka gabatar da jarumai masu ƙarfin ban mamaki irin su Superman, Batman da Spider-Man, su saya, su adana, wani lokaci su sake sayarwa. Littafin komik ƙaramar mujalla ce da ake ba da labari a cikinta ta hanyar jerin zane-zane, tare da rubuta maganganun mutanen labarin a jikin zanen. Waɗanda aka fi nema su ne waɗanda aka buga daga shekarar 1938 zuwa shekarun 1970, musamman kwafin da ya tsira ba tare da yagewa, lanƙwasa ko dusashewar launi ba. Da yake irin waɗannan kwafi ba su da yawa, gasa mai zafi ta taso tsakanin masu tarawa, dillalai da gidajen gwanjo, har mujallar da aka sayar senti 10 a 1938 ta kai ga ana cinikinta a kan miliyoyin daloli.

Asali

Ana ƙirga farkon labaran irin waɗannan jarumai daga fitowa ta 1 ta mujallar Action Comics, wadda ta shiga kasuwa a watan Afrilun 1938 ɗauke da kwanan watan Yuni a bangonta. A cikinta ne Superman ya fara bayyana, a labari mai shafi 13 da Jerry Siegel ya rubuta, Joe Shuster ya zana. An buga kwafi kusan 200,000, ana sayar da kowane ɗaya senti 10. A shekarar 1939 Batman ya fito a Detective Comics ta 27, aikin Bob Kane da Bill Finger, kuma a wannan shekarar ce aka fitar da Superman ta 1 da Marvel Comics ta 1. Captain America da Wonder Woman sun biyo baya a 1941.

Masu tarawa sun raba tarihin komik zuwa zamuna. Zamanin Zinariya ya faro daga 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1950. Zamanin Azurfa ya fara a 1956 da fitowa ta 4 ta Showcase, wadda ta dawo da jarumi Flash cikin sabuwar siffa, kuma a cikinsa ne kamfanin Marvel ya fitar da Fantastic Four ta 1 a 1961 da Amazing Fantasy ta 15 a 1962, inda Stan Lee da Steve Ditko suka gabatar da Spider-Man. Zamanin Tagulla ya ɗauko daga wajen 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980.

Tara komik a matsayin harka mai tsari ya fara ne a shekarun 1960, lokacin da waɗanda suka karanta waɗannan mujallu suna yara suka girma suka soma neman abin da suka rasa. A 1961 Jerry Bails ya fara buga mujallar masoya mai suna Alter Ego, wadda ta taimaka wajen haɗa masu sha'awar. An yi taron masoya komik a birnin New York a 1964, aka kuma fara na San Diego a 1970. A shekarar 1970 ɗin ce Robert Overstreet ya wallafa jagorar farashin komik ta farko, wadda ta sa wa Action Comics ta 1 mai cikakkiyar lafiya farashin dala 300. Bayan shekara uku, wani matashi ɗan shekara 18 a Kalifoniya ya sayi kwafi ɗaya a kan dala 1,800 da 'yan kai, abin da jaridu suka yi ta yayatawa a lokacin don mamaki. Gidan gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjon komik na farko a watan Disambar 1991, alamar cewa manyan 'yan kasuwar kayan tarihi sun fara ɗaukar harkar da muhimmanci.

Dalilan ƙarancin kwafi masu kyau

Ba a buga komik don a adana shi ba. An yi shi da takarda mai arha irin ta jarida, wadda ke da sinadarin asid da ke sa ta koma ruwan ƙasa ta yi ta karyewa idan zafi, haske ko laima suka taɓa ta. Yawancin masu saye yara ne, waɗanda ke naɗe mujallar su cusa a aljihu, su yi musaya da abokai, su yanke takardun talla da ke ciki. Kwafin da ba a sayar ba kuwa ana mayar wa masu rarrabawa a lalata su.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tara tsofaffin takardu a faɗin Amurka don sake sarrafa su, kuma komik masu ɗimbin yawa sun tafi ta wannan hanya. Bayan yaƙin sai ƙyamar komik ta ƙaru a tsakanin iyaye da malamai. A 1948 an ƙona su a bainar jama'a a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton da ke jihar New York. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya zargi komik da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zaman sauraron bahasi a kan batun, kamfanoni kuma suka kafa hukumar tace komik ta kansu. Iyaye da yawa sun zubar da tarin 'ya'yansu. Sakamakon haka, daga cikin kwafi 200,000 na Action Comics ta 1, an ƙiyasta cewa kusan 100 ne kawai suka rage a duniya.

Tantancewa da ba da maki

Kafin shekarar 2000, mai sayarwa ne da kansa ke bayyana lafiyar littafinsa, abin da ke yawan jawo gardama da mai saye, musamman a cinikin da ake yi ta gidan waya ko ta intanet. A 2000 aka kafa kamfanin Certified Guaranty Company, wanda aka fi sani da CGC, mai hedikwata a Sarasota ta jihar Florida. Mai littafi yana aika shi can, ƙwararru su duba, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan a rufe shi cikin akwatin roba mai ƙarfi da ake ganin abin da ke ciki, da takardar shaida a samansa. A 2014 aka kafa wani kamfanin mai suna CBCS da ke irin wannan aiki.

Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da kaifin kusurwoyi, lafiyar doron littafin, tsatsa a wayoyin da aka ɗinke shi da su, ƙyallin bango, tabo, yagewa da cikar shafuka. Ana kuma rubuta launin takardar ciki, daga fara sol zuwa mai ruwan ƙasa ko mai karyewa. Maki 9.4 na nufin littafin kusan sabo ne, 8.0 mai kyau sosai, 6.0 mai kyau, 2.0 kuma wanda ya sha hannu amma yana nan cikakke. Launin takardar shaidar ma yana da ma'ana: shuɗi na littafin da ba a taɓa ba ne, shunayya na wanda aka yi wa kwaskwarima, kore na mai wata tawaya ta musamman, rawaya kuma na wanda aka sa wa hannu a gaban shaida.

Farashi ba ya tafiya daidai-wa-daida da maki. Yayin da makin ke hawa, adadin kwafin da ke da shi yana raguwa ƙwarai, don haka tazarar da ke tsakanin 9.4 da 9.6 tana iya ninka kuɗin littafi. Lahani ƙanƙane ma yana da tsada. A 2013 wani mai gyaran gida a jihar Minnesota ya tsinci Action Comics ta 1 a cikin bangon wani tsohon gida, inda aka cusa ta tare da jaridu don kare sanyi. Garin jayayya da wata 'yar uwa bangon bayan mujallar ya yage. An ba ta maki 1.5 aka sayar dala 175,000, kuma dillalin da ya yi gwanjon ya ƙiyasta cewa yagewar ta rage kusan dala 75,000.

Tari mai salsala

Akwai tarin da ake ba wa daraja ta daban saboda mutum ɗaya ne ya saye shi sabo daga wurin mai sayar da jaridu, ya kuma adana shi da kyau. CGC ta amince da kusan 60 daga irin wannan tari, kuma tana rubuta sunan tarin a takardar shaida. Kwafin da ya fito daga cikinsu yakan fi takwaransa mai maki ɗaya tsada.

Mafi shahara shi ne tarin Edgar Church, wanda ake kira Mile High. Church, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1978, mai zanen tallace-tallace ne a birnin Denver na jihar Colorado. Ya riƙa sayen komik daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa shekarun 1950 don ya duba salon zane, yana jera su a gidansa. Busasshiyar iskar Denver, sanyi da duhun wurin ajiya, da nauyin da mujallun suka ɗora wa juna, sun sa takardunsu suka zauna farare, bangonsu yana ƙyalli. A 1977 Chuck Rozanski, matashin mai shagon Mile High Comics, ya sayi tarin daga iyalan Church. An ƙiyasta yawansa tsakanin 18,000 da 22,000, rahotanni kuma sun ce kusan dala 1,800 ya biya. Rozanski ya riƙa sayar da su a kan ninkin farashin jagorar Overstreet, daga nan al'adar biyan ƙarin kuɗi saboda ingancin kwafi ta kafu. Masana da yawa suna ganin Action Comics ta 1 ta tarin Church ce mafi kyau a duniya, sai dai tana hannun wani mai tari da bai fito da ita kasuwa ba.

Sauran sun haɗa da tarin San Francisco, da na Allentown wanda ya bayyana a jihar Pennsylvania a 1987 da littattafai 135 kacal, da na Okajima wanda wata yarinya Ba'amurkiya 'yar asalin Japan ta fara tarawa a sansanin da aka tsare su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 2012 an sayar da tarin Billy Wright mai littattafai 345 a kan kusan dala miliyan 3.5. A 2021 aka fito da tarin da ake kira Promise, wato alƙawari, mai littattafai sama da 5,000. Wani matashi ne ya tara su, ya roƙi yayansa ya kula da su idan bai dawo daga yaƙin Koriya ba. Matashin ya mutu a yaƙin, ɗan uwan kuma ya ajiye su shekaru da dama a ɗakin saman rufin gidansu.

Gasa tsakanin masu tarawa

Zuwan CGC ya sauya yadda ake gasa. Kamfanin yana wallafa ƙidayar duk littattafan da ya tantance, inda kowa zai ga kwafi nawa ne suka sami kowane maki. Da wannan, mai tari zai iya sanin cewa nasa ne mafi girman maki, ko kuma mutum nawa ne suke kunnen doki da shi. Matsayin yana iya gushewa dare ɗaya idan aka gano wani kwafin da ya fi shi, kuma darajar kuɗin littafin takan sauka tare da shi.

Akwai kuma rajistar CGC, inda masu tarawa ke shigar da jerin littattafansu, a ba kowane littafi lamba gwargwadon ƙarancinsa da makinsa, a jera mutane daga na ɗaya zuwa ƙasa. Kowace shekara ana ba da kyaututtuka ga jerin da suka fi fice. Wanda ke matsayi na biyu a jerin Amazing Spider-Man, misali, yana iya biyan kuɗi mai yawa don ya maye gurbin kwafinsa mai 9.6 da mai 9.8, ko da yake da ido kawai da wuya a bambance su. Idan littafi guda ne tak ke da maki mafi girma kuma mutum biyu suna buƙatarsa don cike jerinsu, farashin gwanjo yakan wuce duk wani hasashe.

Manyan masu saye da yawa suna ɓoye sunansu, suna sa wakilai su yi musu tayi, don kada abokan hamayya su san abin da suke nema su ɗaga musu farashi. Wasu kuwa an san su. Ɗan wasan fim Nicolas Cage ya sayi Action Comics ta 1 a kan kusan dala 150,000 a shekarun 1990. An sace ta daga gidansa a Los Angeles a 2000, aka gano ta a 2011 a wani ɗakin ajiya na haya a kwarin San Fernando. Ɗan kasuwa Ayman Hariri, ɗan tsohon firaministan Labanan Rafik Hariri, ya baje kolin tarinsa na komik ɗin kamfanin DC sama da 1,000 a birnin Landan a 2016.

Gidajen gwanjo ma suna tasu gasar, musamman Heritage Auctions da ke Dallas a jihar Texas, da ComicConnect na New York, mallakar Stephen Fishler da Vincent Zurzolo. Wanda ya kafa tarihin farashi shi ne masu manyan littattafai za su fi kai wa kayansu. Wannan ya fito fili a 2010: ranar 22 ga Fabrairu ComicConnect ta sayar da komik na farko da ya kai dala miliyan 1, bayan kwana uku Heritage ta wuce ta da littafin Batman, a ƙarshen Maris kuma ComicConnect ta sake karɓe kambun da wani kwafin na Superman.

Manyan cinikayya

Farashin gwanjo da ake sanarwa yakan haɗa da la'adar da mai saye ke biyan gidan gwanjon.

- Fabrairu 2010: Action Comics ta 1, maki 8.0, dala miliyan 1.
- Fabrairu 2010: Detective Comics ta 27, maki 8.0, dala 1,075,500.
- Maris 2010: Action Comics ta 1, maki 8.5, dala miliyan 1.5.
- Nuwamba 2011: Action Comics ta 1 ta Nicolas Cage, maki 9.0, dala miliyan 2.16.
- Agusta 2014: Action Comics ta 1, maki 9.0, dala 3,207,852 a shafin eBay.
- Satumba 2021: Amazing Fantasy ta 15, maki 9.6, dala miliyan 3.6.
- 2022: Superman ta 1 daga tarin Church, maki 8.0, dala miliyan 5.3 a cinikin sirri.
- Afrilu 2024: Action Comics ta 1 daga tarin Kansas City, maki 8.5, dala miliyan 6.
- Nuwamba 2025: Superman ta 1 da wasu 'yan uwa suka tsinta a gidan mahaifiyarsu a Kalifoniya, maki 9.0, dala miliyan 9.12.
- Janairu 2026: aka sanar da sayar da kwafin da ya taɓa zama na Cage a kan dala miliyan 15 a cinikin sirri.

Taƙaddama da suka

Babbar taƙaddama ita ce ta taɓa littafi don ƙara masa maki. Kwaskwarima irin ta shafa launi a inda ya goge, liƙa yagewa da gam ko ƙara takarda, tana jawo takardar shaida mai shunayya, kuma farashi yakan faɗi ƙasa sosai. Amma guga, wato danne littafi da zafi da ɗan laima don cire lanƙwasa, CGC ba ta ɗauke ta a matsayin kwaskwarima ba. Saboda haka wasu sukan fasa akwatin, su yi wa littafin guga, su sake aikawa da fatan samun ƙarin maki. Kwafin da aka sayar dala miliyan 1 a 2010 da maki 8.0 shi ne aka sayar dala miliyan 6 a 2024 da maki 8.5. Wasu masu tarawa suna ganin ya kamata a riƙa bayyana wa mai saye duk littafin da aka yi wa guga. Sukar ta ƙaru bayan kamfanin da ya mallaki CGC ya buɗe nasa sashen guga, domin gida ɗaya ne ke gyara littafi kuma yake ba shi maki.

An kuma sami zamba. A 2005 aka gano wasu littattafai da aka datse gefensu da siririn yanka don su yi kama da sababbi, bayan sun riga sun sami maki mai girma. A ƙarshen 2023 masu tarawa suka gano ta hanyar kwatanta hotuna cewa ana buɗe akwatunan CGC a sauya littafin ciki da wanda bai kai shi ba, kamfanin kuma ya fitar da jerin wasu ɗaruruwan littattafai da abin ya shafa. Akwai kuma ƙorafin tayin ƙarya, inda mai kaya ke sa wani ya riƙa tayi don farashi ya hau.

Wata sukar ita ce littafin da aka rufe a akwati ba ya karantuwa, don haka ya tashi daga abin karatu ya koma kadara. Masu zuba jari sun shigo harkar, har kamfanin Blackstone ya sayi kaso mafi tsoka na kamfanin da ya mallaki CGC a 2021. Wanda ya shiga don riba kuwa yana iya yin asara. A farkon shekarun 1990 mutane sun yi ta sayen sababbin komik da yawa suna ajiyewa, kamar X-Men ta 1 ta 1991 da aka buga sama da kwafi miliyan 8, da labarin mutuwar Superman na 1992. Da yake kowa ya adana nasa, ba su yi ƙaranci ba, kasuwar ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, Marvel ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a watan Disambar 1996. Haka nan farashin littattafai da dama da ya hau a 2020 da 2021 ya sauka daga baya.

Ana kuma yawan kwatanta waɗannan kuɗaɗe da abin da masu ƙirƙirar suka samu. Siegel da Shuster sun sayar da haƙƙin mallakar Superman a kan dala 130 a 1938. Sai a 1975, bayan matsin lamba daga abokan sana'a, aka yanka musu fanshon dala 20,000 kowannensu a shekara tare da mayar da sunansu a kan aikin. Cakin da aka biya su da shi a 1938 an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000. Bill Finger ya rasu a 1974, kuma sai a 2015 aka fara sa sunansa a hukumance a matsayin wanda ya yi tarayya wajen ƙirƙirar Batman.

Adanawa

Ana ajiye komik a cikin leda ta musamman irin ta Mylar, tare da kwali marar asid a bayansa don kada ya lanƙwashe, a jera su a tsaye cikin akwati. Wurin ajiya ya kasance mai sanyi, marar laima, nesa da hasken rana da na fitila mai ƙarfi, kuma yanayinsa ba ya yawan sauyawa. Masu littattafai masu tsada sukan yi musu inshora, su ajiye su a ma'ajiyar banki. Ga masu bincike da ɗalibai, akwai tarin da jama'a ke iya dubawa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, wanda Steve Geppi, wanda a lokacin shi ne mai kamfanin rarraba komik na Diamond, ya ba wa kyautar kayayyaki sama da 3,000 a 2018, da laburaren Jami'ar Jihar Michigan, da ɗakin adana zane-zane na Billy Ireland da ke Jami'ar Jihar Ohio.